Noti Mai Ɗigon Fenti

Ƙarar ta fara ne kamar wani yana ƙwanƙwasa ƙofa daga cikin rijiya. Ƙwas, ƙwas, sai shiru. Can kuma sai wani gurnani irin na tsohon da hanci ya toshe masa a cikin barci. Daga nan injin wankin ya yi wata girgiza, ya matso gaba kaɗan kamar mai niyyar fita shan iska, sannan ya tsaya cik da ruwa fal cikinsa. Wata 'yar jar wuta ta hau ƙiftawa a goshinsa.

Auta tana tsugune a gabansa, a ɗan lungun da ke bayan kicin. Ta ja ƙofar gilashin, ta ƙi buɗuwa. Ta sake ja da hannu biyu. Ko motsi.

Ba lalacewar injin ce ta dame ta ba. Abin da ke ciki ne. A tsakiyar zannuwan gado akwai rigar matashin kai da ta ɗaure wa baki, a cikin rigar matashin kuwa akwai shuɗiyar rigar aikin mutumin da ta yi wa mahaifiyarta alkawarin ta rabu da shi.

Mai Kunne ake ce masa. Gyaran injin wanki ne sana'arsa, kuma ba ya taɓa inji sai ya fara kara kunne a jikinsa, ya lumshe ido kamar mai sauraron cikin mace mai juna biyu. Kwanakin baya tafasasshen ruwa ya ƙona masa hannun dama. Auta, da yake ma'aikaciyar jinya ce, ita ke naɗe masa bandeji. Ta ga ba ya iya wanki, ba shi kuma da kowa a ɗaki, sai ta fara ɗauko rigunansa a ƙasan jakarta.

Takun silifa ya taso daga ɗakin Mama. Auta ta miƙe da sauri har gwiwarta ta bugi bokiti.

"Wanki da dare, Auta?"

"Zannuwan gado ne, Mama. Da rana ba na samun sukuni."

Mama ba ta sako gilashinta ba, don haka sai ta sunkuya har hancinta ya kusa taɓa ƙofar injin. Kumfa ce ta rufe ko'ina, fara sol, tana ɗagawa tana sauka a hankali kamar abu mai rai.

"Injin da bai shekara ba," in ji Mama. "Da farko ya yi ta rawa, aka ce ƙafarsa ɗaya ce ba ta taka ƙasa. Daga baya ya ƙi shan ruwa, aka ce tiyo ne ya lanƙwashe. Yau kuma ya riƙe ƙofarsa. Abin da ke ba ni mamaki, duk ciwon injin nan likitansa ɗaya ne."

"Wallahi Mama ban yi masa komai ba."

"Ban ce kin yi ba, mamaki na ce ina yi. Amma in dabara ce ta a kirawo wancan mai shiga gidajen mutane, to ki huta. Ƙafarsa ta gama taka gidan nan. Wanda ya sayi injin shi zan kira da safe, ya zo ya ga kayansa."

Wanda ya sayi injin shi ne mai kemis na bakin titi, mutum mai fararen kaya da ƙamshin turare, wanda ya daɗe yana neman auren Auta, Mama kuma tana ji da shi kamar ita ta haife shi. Ya ga yatsun Mama sun kanannaɗe da ciwon sanyi, ya kawo mata injin kyauta. Da bakinsa ya kira Mai Kunne ya zo ya haɗa shi. Har yau yana cizon yatsa a kan wannan kira.

Aka bubbuga bango daga ɗaya ɓangaren. Matar direba ce, maƙwabciyarsu, wadda ko cokali ya faɗi a gidan sai ta tambayi na shayi ne ko na miya.

"Maman Auta, lafiya? Na ɗauka rufi ne ya rufto muku."

"Lafiya lau, inji ne. Koma ki kwanta."

Mama ta zare fulogin daga bango, ta tura Auta waje, ta ja ƙofar lungun ta kulle. Ta ɗaure makullin a bakin zaninta, ƙulli biyu, idonta a kan 'yarta.

* * *

Sai da Auta ta ji gadon Mama ya daina ƙara, sannan ta shige cikin bargo da wayarta.

"Sista, lafiya?" Muryar Mai Kunne cike take da barci.

"Ba lafiya ba. Injin ya tsaya da ruwa, ƙofa ta ƙi buɗuwa, rigarka tana ciki, Mama ta kulle lungun."

Ta ji yana tashi zaune.

"Yi min ƙarar da bakinki."

"Wasa kake yi?"

"Ba na ganinsa, dole in ji shi. Yi min."

Cikin raɗa, a ƙarƙashin bargo, da hawaye a ido, ta yi masa ƙwas, ƙwas, ta kuma yi masa gurnanin tsohon. Da wani ya leƙo a lokacin, cewa zai yi aljanu ne suka taɓa ta.

"To," ya ce. "Ƙwas-ƙwas ɗin nan ƙarfe ne yake bugun gangar da ke juya kaya. Gurnanin kuwa famfon da ke fitar da ruwa ne, abu ya shaƙe masa wuya. Muddin akwai ruwa a ciki ƙofa ba za ta buɗe ba, haka aka ƙera su, don kada su yi wa mutane ambaliya a ɗaki. Kin duba aljihu kafin ki sa?"

"Na duba duka biyun."

"Akwai wani ta ciki, wajen ƙirji. A nan nake jefa noti in hannuna ya cika."

Auta ta rufe ido. Ta san notinsa. Duk wani ƙarfe nasa, daga sifana har ƙaramin noti, yana ɗiga masa fenti ruwan ɗorawa don kada ya ɓace a gidajen mutane. Ranar da ya zo haɗa injin, Mama ta tambaye shi dalili, mai kemis yana tsaye yana dariya.

"Ai a cikin rigar matashi na sa ta, na ɗaure bakin. Ta ina noti zai fita?"

"Ɗaurin ya kwance kenan."

Rigar tana yawo a fili cikin ganga, kumfa ce kawai ta rufa mata asiri, kumfa kuwa ba ta kwana.

"Ki saurara," ya ce. "A ƙasan injin, ta hannun dama, akwai ɗan murfi. A bayansa mataci yake, inda duk datti ke taruwa. A zare wuta, a tara baho, a murɗa shi hagu a hankali. Ruwan zai fita, notin yana nan. In aka mayar, aka ɗaure, aka kunna, ƙofar za ta saki. Ko ke za ki iya."

"Makullin yana zanin Mama. Kuma da safe shi zai zo ya buɗe."

"Shi wa?"

Ta ƙara jan bargon a kanta.

"Au," ya ce. "Har yanzu yana zuwa kenan."

"Gidan Mama ne, ba nawa ba."

"An ce min kina kai masa shayi falo."

"Ni ma an ce min ka yini a gidan matar nan mai bene, har da rufe ƙofa."

"Injin nata a banɗaki yake, in ba a rufe ƙofar ba babu wurin juya shi. Ke ma kin fara tunani irin na Mama?"

Hawayen da take riƙewa suka zubo. "Ban sani ba. Kowa yana zuba min magana a kunne. In na je aiki a ce an gan ka, in na dawo gida a ce an gan ni. Na rasa wanda zan yarda da shi, ni kaina na fara tsoron kaina."

Ya sauke murya. "Bari in zo da safe. In yi sallama, in ce rigata ce, hannuna ne ya ƙone, ni na roƙe ki."

"Ba ka roƙe ni ba."

"Zan ce na roƙa."

"Za ta tsine min, Injiniya. Ta ce ranar da ta gane ina tare da kai, ta yafe ni ga duniya. Ba ni da kowa sai ita."

"Ni kuma na gaji da zama a cikin rigar matashi, Auta."

Ta danne bakinta da bargo don kada kukan ya tsallaka bango. Ba wanda ya kashe wayar a cikinsu.

* * *

Da gari ya waye ta sami Mama a kicin, da gilashinta a ido, tana riƙe da farar rigar asibitin Auta a gaban taga.

"Zo ki gani. Idona ne, ko rigar nan ta fara komawa launin sama?"

Auta ta duba. Farin ya ɗauki wani shuɗi-shuɗi mai laushi, irin na sararin sama kafin rana ta fito. Da ba don tsoro ba, da ta ce ya yi kyau.

"Wataƙila sabulun ne, Mama."

"Sabulu ba ya rini. Wani abu ne mai zuba ake haɗa ta da shi. Ni kuma na duba kayana da naki, ban ga shuɗi ba."

Ta ajiye rigar, ta zauna a kan kujera, ta baje yatsunta a kan cinya. Sun lanƙwashe kamar saiwar bishiya.

"Kin san abin da ya mayar da su haka?"

"Ciwon sanyi."

"Wankin ubanki ne. Shi ma gida-gida yake bi, da 'yar jakarsa, yana gyaran keken ɗinki. Hannunsa da laushi, bakinsa da daɗi. Yana shiga gida mazan sun fita aiki, ya dawo min da ƙamshin da ba nawa ba a wuyan riga, in cuɗa, in ɗauraye, in ce wa kaina man keke ne. Rigar da ya saka ranar da ya bi waccan matar, ni na wanke ta, ni na goge ta. Kina goye a bayana."

"Mama, ba kowa ne Baba ba."

"Haka ni ma na ce wa tawa uwar." Ta cire gilashin ta goge da gefen mayafi. "Tafiyarsa ba ta ƙona ni kamar idon mutane ba. Kowa ya fito ƙofar gidansa yana kallona, ashe duk sun sani, ni kaɗai ce ban sani ba. Na rantse ba za a yi wa 'yata wannan kallon ba."

Auta ta durƙusa ta riƙe mata ƙafa, tana kuka.

"Ki dube ni," in ji Mama. "Akwai abin da zan gani a cikin injin can da ba zan so ba?"

Bakin Auta ya buɗe. Maganar ta taho har maƙogwaro. Sai aka yi sallama a ƙofar gida, ƙamshin turare ya riga mai shi shigowa.

* * *

Mai kemis ya gaishe da Mama har ƙasa, ya yi wa Auta murmushi da haƙora kawai.

"Sista, ko ba ki yi barci ba ne? Idonki ya yi ja."

"Aiki ne, yallaɓai."

Mama ta kwance makullin ta buɗe lungun. Kumfar ta mutu cikin dare. Wani farin zanin gado ya manne a jikin gilashin ya rufe kusan komai, sai dai a gefe ɗaya, can ƙasa, wani ɗan shuɗin ƙyalle ya leƙo kamar harshen yaro mai tsokana. Auta ta matsa ta tsaya a gabansa. Ta ga idon Mama ya sauka a wurin, ya ɗan daɗe, ya wuce. Ba ta san ko ta gani ba.

Mai kemis ya cire agogo, ya naɗe hannun riga, ya buɗe wayarsa yana karantawa yana bi. Ya duba famfon bango, a buɗe yake. Ya ja injin gaba, wata tsaka da ke zaune a bayansa saboda ɗumi ta fito a guje ta haye bango ta tsaya tana kallonsu, kamar ita ma tana da wanda take zargi. Ya bi tiyon baya da hannu daga farko har ƙarshe, babu lanƙwasa. Ya mayar da fulogi, ya danna madannin zubar da ruwa. Injin ya yi gurnanin nan nasa, ko ɗigo bai fita ba. Ya sake zare wutar.

"Saura ƙasa," ya ce. "Wani abu ne ya shiga. Kin san, Mama, inji ba ya riƙe amana. Duk abin da aka manta a aljihu, ƙasa yake gangarowa ya zauna yana jira."

Ya karɓi cokali ya ɓalle ɗan murfin. Bai murɗa matacin ba tukuna. Ya ɗago kai.

"Af, Sista, ya mai ƙunar hannu? Na ji har shago ake bin sa da bandeji. Asibitinku akwai kula."

Auta ta sunkuyar da kai.

"Wa ya faɗa maka?" in ji Mama.

"Ina da ido a titin, Mama."

"Ido kamar yaya?"

"Mai sayar da katin waya da ke gaban shagon Mai Kunne. Yana faɗa min shigarta da fitarta, da jakar da take shiga da ita babu komai a ciki, ta fito da ita a kumbure. Akwai wani kuma a ƙofar asibiti. Dole mutum ya san abin da zai ajiye a gidansa."

Mama ta maimaita a hankali, kamar mai tauna tsakuwa. "Abin da zai ajiye a gidansa."

"Kada ki damu, ba fasawa zan yi ba. Amma in abin da nake zargi ne a cikin injina, yau zan baje shi a ƙofar gida kowa ya gani. Ina so ta shiga gidana ta san cewa na san ta. Daga nan sai a zauna lafiya."

Mama ta kawar da kai daga gare shi. Ta miƙa masa faffaɗan baho da tsummoki.

Ya tsuguna yana tattare ƙafar wando, ya murɗa matacin hagu. Da farko ruwan ya fito siriri. Ya ƙara murɗawa, sai ya ɓalle gaba ɗaya, ruwa mai launin toka da warin kwana, ya cika bahon, ya tsallake shi, ya wanke masa gwiwa, ya bi ta ƙarƙashin ƙofa ya nufi hanyar da suke haɗawa da maƙwabta. Mai kemis ya yi tsalle ya koma baya yana yarfe wando.

"Matsa, ɗan nan," in ji Mama. "Fararen kaya gare ka."

Ta durƙusa da ƙyar a cikin ruwan. Ta zaro matacin, wani dunƙulen zare da gashi ya biyo shi. Ta cusa lanƙwasassun yatsunta cikin ramin, ta laluba, ta tsaya. Auta tana tsaye a kanta, ta ga abin da ya fito. Ƙaramin noti ne, an wanke shi tas, ɗigon fentin nan ruwan ɗorawa yana sheƙi a gefensa kamar idon kyanwa.

Mama ta daɗe tana kallonsa a tafin hannunta. Ta ɗago ta dubi 'yarta. Auta ba ta roƙe ta ba, ba ta kuma kawar da kai ba. Hawaye ne kawai ke sauka.

Yatsun suka rufe a kan notin ɗaya bayan ɗaya.

"Me kika samu, Mama?" Mai kemis yana leƙe ta bayan kafaɗarta.

"Zare da gashi. Da fil ɗin ɗankwalina."

"Fil ba ya irin wannan ƙarar."

"Nawa yana yi."

"Mu gani."

"Ya bi ruwa."

Ta mayar da matacin da hannun hagu, ta murɗa shi dama har ya kama, ta rufe murfin. Ta ce masa ya goge hannu kafin ya taɓa wuta. Ya mayar da fulogin, ya danna. Wannan karon babu gurnani. Famfon ya zuƙe sauran ruwan da wata 'yar murya mai daɗi, jar wutar ta mutu, can sai ƙofar ta ce ƙas.

Mai kemis ya miƙa hannu. Mama ta riga shi, ta jingina bayanta da gilashin.

"Kayan mata ne a ciki, ɗan nan. Har da nawa. Ko su ma za ka baje wa unguwa?"

"Haba Mama, ai ni..."

"To ba mu wuri."

Ya ja da baya, amma bai tafi falo ba. A bakin ƙofar kicin ya tsaya, yana mayar da agogonsa, idonsa a kan ganga.

Mama ta juya masa baya, ta baje mayafinta ya zama labule. Ta kwaso kayan a jiƙe, da hannu ɗaya da dunƙulallen ɗayan, ta zuba a babban baho, ta tura shuɗiyar rigar can ƙasa, ta lulluɓe da zanin gado. Auta ta sunkuya za ta taya ta, kawunansu suka haɗu.

"Ki ce masa ya zo da ƙafarsa ya karɓi ƙarfensa," in ji Mama, muryarta ba ta fi numfashi ba. "Ta ƙofar gaba, da rana. Ban ce na yarda ba. Tambayoyi gare ni, kuma ba shi kaɗai zan tambaya ba."

"Mama..."

"Yi min shiru. Ɗauki gefen can, ɗakinki za mu kai."

Suka ɗaga bahon. Nauyi gare shi, don kayan ba su samu matsa ba. Ba su yi taku uku ba matar direba ta faɗo kicin ɗin babu sallama, da tsumma a hannu, gefen zaninta a jiƙe.

"Maman Auta, ruwanku har ƙarƙashin gadona. Ina kwana, mai kemis? Kai ma ka sha wanka, na gani. Kai, Yaya, ke da ciwon hannu za ki ɗauki wannan? Kawo nan."

"Bar shi, mun iya."

"Wane irin bar shi? Ina amfanin maƙwabtaka?"

Ta fizgi gefen da Mama ke riƙe da shi. Bahon ya karkata, jiƙaƙƙen zanin gadon ya sulale ƙasa, wani dogon hannun riga shuɗi ya faɗo ta gefe yana lilo, ruwa na ɗiga daga bakinsa.

Matar direba ta ajiye bahon. Ta kama hannun rigar ta ja, rigar ta fito gaba ɗayanta. Ta riƙe ta ta kafaɗu, ta ɗaga ta sama a gaban taga kamar mai taya kaya a kasuwa. Faɗin kafaɗun ya fi nata sau biyu. A kan ƙirjin akwai tabon fenti ruwan ɗorawa da wanki bai fitar ba.

Ta dubi mai kemis da fararen kayansa. Ta dubi Auta. Ta dubi Mama, da hannun da ta dunƙule ta ɓoye a cikin mayafi.

"Ikon Allah," ta ce. "Gidan da babu namiji, Maman Auta, to wannan rigar ta wace ce, ko in ce ta wane ne?"

Rigar ta ci gaba da ɗiga a kan siminti.